Ina Kirarin Mai Tsaron Baya? Sharhi a Kan Adabin Filin Ƙwallo a Birnin Kano

Gabatarwa

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, na tabbata ba za a rasa wanda zai ga kan wannan rubutu ya taɓe baki ba, ya ce me ya haɗa mujallar adabi da tamaula. To, a yi haƙuri a saurare ni tukuna. A ajin adabin baka an koya mana cewa duk inda Hausawa suka taru suka kambama wani, suka laƙaba masa suna, suka yi wa abokin karawarsa zambo ko habaici, to, adabi ake yi, ko da kalangu ko babu. Jiya fagen fama da dandalin dambe da gonar gayya su ne suke haifar da kirari. Yau kuwa da wuya a sami dandali a birnin Kano da yake tara maza dubu-dubu suna zuba azanci kamar filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ranar da Kano Pillars take wasa. Abin da ake faɗa a can, da wanda ake maimaitawa a majalisu da teburan mai shayi bayan an tashi, shi nake kira adabin filin ƙwallo, kuma shi nake so in ɗora a kan sikeli.

Ƙorafina guda ɗaya ne. Wannan adabi mai ido ɗaya ne. Yana ganin wanda ya jefa ƙwallo a raga, ba ya ganin wanda ya hana a jefa. Zan kafa hujja da rayuwar 'yan wasa uku, biyu namu na gida, ɗaya kuma ɗan Amurka mai jinin Nijeriya, sa'an nan in waiwaya in nemo inda muka gaji wannan hali.

Abin da ya ta da maganar

Ni haifaffen cikin birni ne, a lungunan unguwarmu na koyi ƙwallo, raga kuwa duwatsu biyu ne ko takalman wani. Duk wanda ya yi irin wannan wasa ya san yadda ake rabon wuri. Mai ƙwallo da gwanayen yanka su tafi gaba. Wanda ba a yarda da ƙafarsa ba a ce masa, “Kai, tsaya a baya.” Wanda ya fi kowa ƙanƙanta kuwa a tura shi gola. Ni dai a baya na ƙare, saboda haka mai karatu yana da damar ya ce inda yake mini ƙaiƙayi nake sosawa. Ban musa ba.

Kwanakin baya a majalisarmu wani dattijo, tsohon mai goyon bayan Pillars, yana ta bugun ƙirji da cewa tun daga 2003 har zuwa 2015 babu ƙungiyar da ta ci Pillars a gida a gasar ƙasa, sai a watan Agusta na 2015 da Nasarawa United ta zo ta yi mata ci 2 da 1. Gaskiyarsa. Shekara 12 ke nan, wasa fiye da 200. A cikin waɗannan shekaru ne ƙungiyar ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka a 2009, ta kuma jera kofi uku a 2012 da 2013 da 2014.

Na rusuna na ce, “Baba, rashin cin mutum a gidansa, aikin su wa ne?” Ya ce, “Aikin 'yan wasa mana.” Na ce, “To, a lissafa mana su.” Nan take majalisa ta ɗauka: Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a kakar da ta ƙare a 2010, Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele, Gambo Muhammad. Kowane suna da labarinsa, wani har da kwaikwayon yadda aka buga. Da na ce masu tsaron baya nake nufi, sai aka shiga kallon-kallo. Sunaye sun fito daga baya, ɗaya-ɗaya, da gardama a kan wace shekara wane ya zo, amma babu wanda ya fito da laƙabi ko labari a bayansa.

Abin mamaki, taken ƙungiyar kansa, watau “Sai Masu Gida”, alfaharin mai tsaro ne. Gida ai tsaron sa ake yi. Ashe mun riƙe taken, mun manta da waɗanda suka sa ya zama gaskiya.

Shehu Abdullahi: lamba biyu

Bari in fara da wanda ya fi kusa da mu. An haifi Shehu Abdullahi a Sakkwato a 1993. Ya buga wa Plateau United ta Jos kafin ya zo Kano, kuma yana cikin rigar Pillars a zamanin da take jera kofunan nan. Yana iya tsayawa a tsakiya yana tare hanya, amma inda aka fi sanin sa shi ne gefen dama na baya, wurin da yaran unguwa suke kira lamba biyu. Daga Kano ya tafi Qadsia ta Kuwaiti, ya wuce União da Madeira ta Fotugal, sa'an nan Anorthosis ta Saifurus, da Bursaspor ta Turkiyya, ya koma Saifurus ya ɗauki kofin ƙasar da Omonia a 2021, ya taɓa Levski Sofia ta Bulgeriya. A 2024 Kanawa sun gan shi tare da Ahmed Musa, su biyu sun dawo cikin rigar Pillars.

A rigar ƙasa kuwa, yana cikin tawagar da marigayi Stephen Keshi ya kai Afirka ta Kudu a 2014, ta zo ta uku a gasar 'yan wasan cikin gida. Yana cikin yaran Samson Siasia da suka je wasannin Olamfik na Barazil a 2016, waɗanda suka sauka a Manaus sa'o'i kaɗan kafin wasansu da Japan, suka kuma ci 5 da 4. A ƙarshe sun doke Honduras 3 da 2 suka samo tagulla, wadda ita kaɗai ce lambar da Nijeriya ta samu a wasannin baki ɗaya. Ya kuma fara wasan farko na gasar cin kofin duniya a Rasha a 2018, wanda Kuroshiya ta ci mu 2 da nema.

To, a duk wannan doguwar tafiya, da me ake tuna shi? Da abu biyu. Na farko, ranar 7 ga Oktoba 2017 a Uyo, lokacin da ya baro wurinsa ya kutsa gefen dama, ya mayar wa Alex Iwobi ƙwallo, shi kuwa ya zura wa Zambiya, Nijeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta sami gurbin zuwa Rasha. Na biyu, bayan wata guda, da aka sa shi a wasan Aljeriya alhali yana da katin gargaɗi biyu a kansa, hukumar FIFA ta ba Aljeriya wasan 3 da nema. Lissafin kati aikin masu riƙe da takardu ne, amma sunan ɗan wasan ne ya cika jaridu.

Mai karatu ya lura. Mutum ya shekara fiye da goma yana sana'ar tsaro, amma yabon da ya fi samu na ranar da ya yi aikin 'yan gaba ne, ambaton da ya fi yawa kuma na ranar da aka sami kuskure ne. Sana'ar tasa ita kanta, watau rufe hanya, da karanta ƙafar mai yanka, da sanin lokacin shiga da lokacin ja da baya, ban ji an yi mata ko jimla ɗaya mai daɗi ba. Wannan ita ce kasawar da nake nufi, kuma kasawa ce ta masu magana.

Misali daga Amurka

Don a ga abin sosai, bari in kai mai karatu wani wasa da ba mu saba da shi ba. Amurkawa suna da ƙwallonsu daban, mai siffar ƙwai, wadda ake runguma a gudu ko a jefa da hannu. Mutum 11 ne kowane ɓangare. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi 10, in sun ci a sake ba su huɗu. Akwai mai jifa, wanda suke kira kwatabak, akwai kuma masu gudu su cafke a can gaba. Wanda aka ɗora wa hana waɗannan masu cafkewa shi ake kira konabak, mu ce mai tsaron gefe.

Duk wasannin da na sani, ban ga aiki mai wuya kamar nasa ba. Abokin karawarsa ya san inda za shi, shi bai sani ba. Wancan yana gudu da gaba, shi yana fara nasa da baya-baya. Doka ta hana shi riƙe mutumin ko ture shi idan sun wuce yadi 5 kafin ƙwallo ta iso. In ya yi nasara sau arba'in, babu wanda ya gani, don na'urar ɗaukar hoto tana bin ƙwallo ne. In ya zame sau ɗaya, shi kaɗai za a gani a fili yana bin bayan mutum.

A cikin gwanayen wannan wuri akwai Nnamdi Asomugha. An haife shi a 1981 a jihar Luwiziyana, iyayensa 'yan ƙabilar Ibo ne daga Nijeriya, ya tashi a Los Anjalis, ya yi karatu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. A 2003 ƙungiyar Oakland Raiders ta zaɓe shi a zagayen farko, shi ne na 31. Amurkawa sun saba auna mai tsaron gefe da yawan jifan abokan gaba da ya cafke. Shekara uku na farko Asomugha bai cafke ko ɗaya ba. A 2006 ya cafke 8, duniya ta san da shi. Sa'an nan sai lissafin ya faɗi: ɗaya a 2007, ɗaya a 2008, ɗaya a 2009, babu ko ɗaya a 2010.

Wanda ya duba wannan lissafi da idon majalisarmu sai ya ce mutumin ya lalace. Alhali a waɗannan shekaru ne ya kai ƙololuwa. Masu jifa sun gane cewa jefawa gefensa asara ce, sai suka daina. Mutum ɗaya ya rufe ɓangare guda na fili, har ya rasa abin cafkewa. An zaɓe shi cikin fitattun gasar a 2008 da 2009 da 2010, kuma a 2009 ƙungiyarsa ta ba shi kwantiragin shekara 3 na kimanin dala miliyan 45, wanda a lokacin babu mai tsaron baya da ya taɓa samun irinsa. Duk da haka, a shekara takwas da ya yi a Oakland ƙungiyar ba ta taɓa gama kaka da nasara fiye da rashin nasara ba. Ganuwa ce mai kyau a gefe ɗaya, sauran gefen a zube.

A 2011 ya koma Philadelphia Eagles a kan dala miliyan 60 na shekara 5. Can aka canza masa yadda ya saba tsayawa, shekaru kuma suka fara aikinsu, masu jifa suka daina jin tsoronsa. Bayan kaka biyu aka sallame shi, ya ɗan taɓa San Francisco, ya ajiye wasa a ƙarshen 2013 da jifa 15 da ya cafke a duk rayuwarsa ta wasa. Daga nan ya shiga harkar fim, ya fito a Crown Heights a 2017 da Sylvie's Love a 2020. Mutumin da gwanintarsa ta sa na'urar hoto ba ta juyowa wurinsa, sai da ya bar fili ta tsaya a kan fuskarsa.

Abin da ya kai ni ga wannan labari shi ne yadda masu sharhin wasa na can suka fita daga matsalar. Da suka ga tsohon ma'auni ya gaza, sai suka shiga ƙirga sau nawa aka yi ƙarfin halin jefawa gefen mutum. Bayan lissafi kuma suka nemo siffa. Wani takwaran Asomugha, Darrelle Revis na New York Jets, gefensa ake kira Tsibirin Revis, watau duk gwanin da ya je can ya zama kamar wanda ruwa ya kewaye, ba a sake jin ɗuriyarsa sai an tashi. Wannan kirari ne sosai, kuma an gina shi a kan abin da bai faru ba. Abin da ya gagare mu ke nan a Ƙofar Mata.

Daga ina muka gaji wannan?

A ganina adabin filin ƙwallo ɗa ne ga waƙoƙin maza, musamman na 'yan dambe. Ɗan dambe hannu biyu gare shi. Wanda aka naɗe da zare shi ake kira mashi, wanda yake miƙawa a buɗe yana kare kansa shi ne garkuwa. Babu ɗan damben da zai kai shekara biyu a fage in garkuwarsa ba ta da kyau. Amma a saurari makaɗan maza, har da babbansu Muhammadu Bawa Ɗan Anace a waƙarsa ta Shago, a ga inda nauyin yabo yake. Kisa ake ƙirgawa: wa aka kayar, a wane gari, gaban su wa. Ba na zargin Ɗan Anace, don kiɗansa na zuga ne, ana yin sa ne domin jini ya tafasa mutum ya shiga fage. Wanda ake so ya kai duka ba a yi masa waƙar haƙuri. Kuskuren namu ne, da muka ɗauko ma'aunin wasan mutum ɗaya muka ɗora wa wasan mutum goma sha ɗaya, inda aka raba aiki, wasu mashi, wasu garkuwa.

Abin ya wuce dambe. Mu ɗauki birnin nan namu. Babu abin da ya fi ganuwa girma a cikin abin da kakanninmu suka gina da hannunsu. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna Sarki Gijimasu, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ta. Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, haka kuma Wambai Giwa ya ƙara mata a zamanin Muhammadu Nazaki, cikin ƙarni na 17. Kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta. Ɗaruruwan shekaru waɗannan mutane suna rufewa da almuru, suna buɗewa da safe. Yanzu a tambayi ɗalibi ya ba da labarin Sarkin Ƙofa ɗaya. Daren da aka kwana lafiya ba ya shiga tarihi.

Ko ranar da ganuwar ta gaza, haka abin yake. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland ta fasa ta wajen Ƙofar Kabuga, Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Wanda aka bar wa tsaron gari, Sarkin Shanu, ya tsaya a gidan sarki har aka kashe shi. Bayan 'yan makonni Waziri Ahmadu ya kai hari a Kwatarkwashi, shi ma ya rasu a can, kuma har yau Mai Shahada ake kiran sa. Ya cancanta, Allah ya jiƙan su duka. Tambayata ita ce, me ya sa wanda ya kai hari ya sami laƙabin da ya bi shi shekara fiye da ɗari, wanda ya tsare gida kuwa sai masu bincike suka san shi? Duk wanda ya bi ta gefen badala daga Ƙofar Gadon Ƙaya zuwa Kabuga ya ga yadda ake cin ta da gini da haƙar ƙasa, ko da yake tun 2007 tana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO don a duba, zai gane cewa abin da ba a yi wa waƙa ba, ba a jin zafin rushewarsa.

Rabon mai tsaro: zambo

In kirari ya tsallake mai tsaron baya, zambo ba ya tsallake shi. Ga Sani Kaita, haifaffen Kano a 1986, wanda ya taso a Pillars. Ɗan tsakiya ne mai tare hanya, watau garkuwar masu tsaron baya. Yana cikin matasan da suka kai wasan ƙarshe na kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a Holan a 2005, inda Ajantina ta ci 2 da 1, duka biyun fenariti daga ƙafar Messi. Yana cikin waɗanda suka samo azurfa a Olamfik na Beijin a 2008. Ya yi wasa a Sparta Rotterdam, ya kuma yi a Rasha. 'Yan wasa nawa ne daga cikin birnin nan suka taka inda ya taka?

Ranar 17 ga Yuni 2010, a Bloemfontein, Nijeriya tana gaban Girka da ci ɗaya, sai a minti na 33 ya ɗaga ƙafa ya kai wa Torosidis shuri a bakin layi. Jan kati. Girka ta farke ta ƙara, aka tashi 2 da 1. Kuskure ne babba, shi ma ya fito ya nemi gafara. Amma abin da ya biyo baya ya wuce hukunci, har jami'an tawagar suka sanar cewa ana aiko masa da barazanar kisa. Na tuna a majalisarmu an daɗe ana wasa da sunansa da kalmar “kaito”, ni ma na yi dariya. Yanzu ina jin kunyar dariyar. Azancin da muka kasa kashewa wajen yabon shekarunsa na aiki, cikin dare ɗaya muka same shi don zambo. Ɗan gaba ya ɓarar da ƙwallo biyar ya ci ɗaya, a ɗauke shi a kafaɗa. Ɗan baya ya tare hamsin ya saki ɗaya, ita za ta zama sunansa.

Sau ɗaya na ga Kanawa sun yi wa ɗan baya yabon da ya dace. A watan Fabrairu na 2018 Chinedu Udoji, tsohon kyaftin ɗin Enyimba da ya dawo Pillars, ya rasu a haɗarin mota a cikin Kano, sa'o'i kaɗan bayan ya buga wasa da tsohuwar ƙungiyarsa. Ranar kowa ya tuna kirkinsa da tsayuwarsa. Yabon gwani ya zama dole, in ji masu iya magana, amma ba su ce a jira sai ya mutu ba.

Hujjar masu musu

Na gwada wannan magana a gaban wani malaminmu, ya ce, “Kai yaro, kirari da aikatau yake tafiya: ya sara, ya kayar, ya ƙone. Yaya za ka yi wa abin da bai auku ba waƙa?” Hujja ce mai ƙarfi, na kuma daɗe ina juya ta. Amsar da na samu tana wurin makaɗan fada. Su idan za su yabi sarki, sau da yawa da abin da ba ya motsi suke kamanta shi: dutse, bango, tudu, kogin da ba a ƙetarawa. Yabon a nan yana kan abin da maƙiyi ya kasa yi. A cikin sarautunmu akwai Garkuwa. A karin magana muna cewa rigakafi ya fi magani, muna cewa sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ashe harshen yana da kayan aikin. An bar su a fada ne, ba a kai su fili ba.

Haka kuma, a laccarsa da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, Kirk-Greene ya lissafa halaye irin su haƙuri da amana da hankali. Waɗannan su ne jarin mai tsaron baya. Haƙuri ne yake hana shi zubewa a gaban mai yanka, amana ce take tsayar da shi a wurinsa lokacin da kowa ya ruga gaba neman suna. Sai ga shi a cikin gida muna koya wa yaro wannan, a fili kuma muna tafa wa kishiyarsa.

Wani abokina kuma ya ce, “Ai ƙwallo ci ne, in ba a ci ba me aka yi?” Na ce ya dubi yadda muke faɗin sakamako. Mukan ce ɗaya da nema, ko ɗaya mai ban haushi. Ɗayar tana da mai ita, ana kiran sunansa da mintin da ya ci. Neman kuwa mun jingina shi ga waɗanda aka ci, kamar su ne kawai suka nema suka rasa, ba wasu ne suka hana su ba. A wasan Uyo, ɗayar Iwobi ba za ta isa ranar ba in da babu sifirin da ke gefenta. Ko a nahawun maganarmu mun share mai tsaro.

Kammalawa

Ba ina kira a rage wa Ahmed Musa ko Rabi'u Ali ko kalma ɗaya daga yabonsu ba ne. Sun ci da guminsu. Abin da nake cewa shi ne adabin da ba ya iya ganin rabin abin da ke gabansa bai gama girma ba. Illar kuma tana zuwa har lungu. Yaron da ya ji cewa baya wurin marasa ƙafa ne ba zai so ya ƙware a can ba, kuma in ya girma zai raina duk mai aikin da ba a gani: mai gadi, da ma'aji, da ungozoma, da mai gyaran magudanar ruwa kafin damina.

Saboda haka ina da roƙo biyu. Na farko ga 'yan'uwana ɗalibai masu neman abin rubuta kundi. A ɗauki na'urar naɗar magana a je Ƙofar Mata, a tattara laƙabi da take da zambon da ake yi, a rarrabe wanne na ɗan gaba, wanne na ɗan baya, a tabbatar da maganata ko a ƙaryata ta da hujja. A nemi waɗanda suka ga Raccah Rovers ta Kano lokacin da ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 1978, a tambaye su wa ya tsare mata baya, tun kafin ƙasa ta rufe masu sani.

Na biyu ga masu waƙa a cikinmu da masu sharhin wasa a gidajen rediyo. Amurkawa sun je har teku sun samo tsibiri. Mu muna zaune a cikin gari mai ƙofofi fiye da goma. Me zai hana a ce da lamba biyun da ya iya aikinsa ƙofar gari ce bayan almuru, baƙo sai dai ya kwana a waje? Ni ba mawaƙi ba ne, na san akwai waɗanda za su yi fiye da haka nesa ba kusa ba. Filin nasu ne.

Inda na yi kuskure, malamaina su gyara mini a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace.